Kwaɗin Tawa da Ɗan Ƙarfen Amurka

To, taubasaina masu furfura a gemu, na san tun daga kan taken nan kun fara taɓe baki. Na ji ku sarai. "Wanga mutum hwa bai da aikin yi. Ana zancen hatsi da ruwan sama, shi yana zancen katun, abin da yara ka kallo." Ku dai gyara zama, a miƙo kofin shayin nan. Ba zan hana ku taɓe baki ba, amma ku bari in kai aya, don akwai inda zancen zai biyo ta ƙofar gidanku.

Akwai wani shirin zane mai motsi na Amurka, sunansa Futurama. Matt Groening, wanda ya ƙago The Simpsons, shi ya ƙirƙiro shi tare da David X. Cohen, tashar Fox kuma ta fara nuna shi ran 28 ga Maris 1999. Labarin wani saurayi ne mai suna Fry, ɗan aike mai kai wa mutane abinci gida-gida a birnin New York, ga talauci ga rashin sa'a. Daren 31 ga Disamba 1999 ya faɗa cikin wata na'urar daskarar da mutane, bai farka ba sai bayan shekara 1000. Ya tashi ya tarar da kumbo na yawo a sama, mutum-mutumi na ciniki a kasuwa, halittun wasu duniyoyi na bin layin mota. Ya yi ta tsalle, wai ya rabu da wahala. Aka auna shi don a ga sana'ar da ta dace da shi a sabon zamani, na'ura ta ce ɗan aike. Haka ya koma aike, sai dai yanzu daga wannan tauraro zuwa wancan. Duk wanda ya taɓa barin Affala da sunan neman canji, ya isa Abijan aka miƙa masa irin aikin da ya gudo wa, ba sai an yi masa bayanin inda dariyar take ba.

Abokan tafiyarsa su ne Leela, matuƙiyar kumbon, mai ido ɗaya tak a tsakiyar goshi kuma ta fi su duka hankali. Da Farfesa Farnsworth, tsoho tukuf wanda in ya ce yana da albishir to kowa ya fara neman gafarar ƴan'uwansa. Da likita Zoidberg, wanda bai san inda zuciyar ɗan Adam take ba. Sai uban tafiya, Bender, mutum-mutumin ƙarfe, ɓarawo, maƙaryaci, ɗan caca, wanda barasa ce man da injinsa ke sha. Shugaban duniya kuwa kan Richard Nixon ne, tsohon shugaban Amurka, an adana shi da rai cikin kwalba. Don haka wanda ya ce abin na yara ne, ya miƙa wa ɗansa waya ya juya baya, alhakin a wuyansa. Ni ban ce a ba yaro ba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne shirin nan ya ƙi mutuwa. Fox ta yi ta wasa da lokacin nuna shi, yau nan gobe can, wani lokaci wasan ƙwallon Amurka ya cinye masa lokaci, har ta daina saye a 2003 bayan kashi 72. Kowa ya ce an gama. Sai wata tasha ta riƙa maimaita tsofaffin da tsakar dare a shirinta na Adult Swim, mutane suka ƙi barci suna kallo, faifan DVD kuma suka yi ta tafiya a kasuwa. Masu kuɗi suka leƙa littafin ciniki, suka ga gawar da suka binne tana kawo riba. Aka tono ta. Daga 2007 zuwa 2009 aka fitar da dogayen finafinai 4 a faifai, a 2010 tashar Comedy Central ta ci gaba da sababbi, ran 4 ga Satumba 2013 aka sake rufewa, an kai kashi 140. Aka yi ta'aziyya karo na biyu, aka watse. Shekara 8 da ƴan watanni bayan haka, a Fabrairu 2022, manhajar kallo ta Hulu ta ce ta ba da kwangilar sababbin kashi 20.

Kuna tsammanin masoya sun yi guɗa? Rigima suka fara.

A sanarwar, an jera sunayen masu muryoyi: Billy West, wanda shi kaɗai ke yin Fry da Farfesa da Zoidberg, ga Katey Sagal mai yin Leela, ga sauran. Babu John DiMaggio, mai muryar Bender. Ciniki bai faɗa ba, ya ce kuɗin da aka taya bai yi ba, kuma ba shi kaɗai ba, duk abokan aikinsa sun cancanci ƙari. Aka ji ƙishin-ƙishin za a nemo wani ya yi muryar. Nan fa intanet ta kama da wuta. Masoya suka ce in babu DiMaggio babu su, suka raɗa wa rikicin suna Bendergate, aka yi makonni ana ja. Ran 1 ga Maris 2022 aka ce an daidaita, ya dawo. Daga baya shi da bakinsa ya ce kuɗin dai ba a ƙara masa ba, girma ya samu. Girma kuwa, kun sani, ba a auna shi a tiya.

Na ji wani daga can bayan tabarma yana cewa, "To mi ya gama mu da wanga? Ƙattai da gemu suna hwaɗa kan muryar gwangwani!" Sannu, Alhaji. Gwano ba ya jin warin jikinsa. A shekarar nan ta 2022 ɗin dai, da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina na Aminu Saira aka kawo Fati Washa ta ci gaba da zama Sumayya, wa ya hana gidanka cin tuwon dare cikin kwanciyar hankali? Hajiya ta ce ita ta daina kallo. Ƴan mata suka rabu gida biyu. Kai da ke cewa ba ka kallo, kana dai zaune ne kusa da tele don a nan iska ta fi kaɗawa, kai ne ka yanke hukunci cewa sabuwar ba ta iya kukan tsohuwar ba. Ta ina ka sani, in ba ka kallo? Kuma mako na zagayowa duk kuka hallara, har da mai cewa ta daina.

Ran 24 ga Yuli 2023 sabon Futurama ya fito, masoya suka kasu. Kashi na farko suka ce alhamdulillahi, ko yaya ne dai sun ga mutanensu. Kashi na biyu suka ce muryoyin sun tsufa, Fry saurayi ne a zane amma in ya buɗe baki sai ka ji dattijo. Kashi na uku suka ce shirin ya bar shekara ta 3000 ya dawo yana bin labaran jiya: kashi guda kan manhajojin kallo, guda kan kuɗin Bitcoin, guda kan katafaren kamfanin sayayya ta intanet, guda kan annoba da allurar rigakafi, alhali kowa ya gaji da zancen korona. Kashi na huɗu, waɗanda suka fi kowa ciwo, suka ce tun farko bai kamata a taɓa shi ba, don rufewar 2013 ta yi kyan da ba a ƙara mata komai.

Mu ƴan tsirarun da ke bin shirin a nan, da fassarar Faransanci, duk kashi huɗun muna da su a fada ɗaya. In dare ya yi aka jingina waya a jikin gwangwanin sukari, batirin da ya yini yana shan rana a kan fanon sola yana gefe, kawuna biyar sun haɗu kan allon da bai kai tafin hannu ba, ba a minti uku sai wani ya sa yatsa ya tsayar. "Kun ji? Kun ji wanga wasa? Na da ya fi." Mai shayi ya ce a bari a gani mana. Wani ya ce ai shi tun da anka maido shi bai yi dariya ba, alhali yanzun nan shayi ya sarƙe shi don dariya. Kashin minti ashirin da ƴan kai sai ya ci mana awa guda. Mai wayar kuma yana ta lissafin megan da ya ƙone.

Ni ga inda na tsaya. Masu kukan murya ba su da gaskiya. An haifi Billy West a 1952, ya haura 70 lokacin da shirin ya dawo. Me ake so ya yi, ya juya shekarunsa baya? Zane ne ba ya tsufa, mai murya ɗan Adam ne. Kuma wannan ita ce falalar zane da ya kamata a gode mata. Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disamba 2014, Allah ya jiƙansa, duk wanda ya sa hularsa ya kwaikwayi tafiyarsa bayan nan sai ka ji tausayinsa ya kama ka maimakon dariya. Shi kuwa Fry yana nan da jar rigarsa kamar yadda aka zana shi a 1999. In an samu mai muryar da ransa da lafiyarsa, ko ta ɗan dushe, riba ce.

Masu cewa shirin ya cika bin labaran yau, su suna da rabin gaskiya. Tsohon ma yana tsokanar zamaninsa, ai kan Nixon ba daga sama ya faɗo ba. Bambancin shi ne a da sukan ɗauki abin yau su jefa shi gaba shekara dubu har ya zama wani abu dabam, sai ka yi dariya kafin ka gane da kai ake. A wasu sababbin kuwa, abin yau ɗin ne aka shafa wa fenti aka miƙo maka. Kuma zane na cin lokaci kafin ya fito, kafin a gama zana wasan da aka rubuta kan abin da ake yayi, yayin ya wuce. Sai dai ba duka suka zama haka ba, kuma mai cewa duk na da zinariya ne ya manta da kashin da shi kansa ya zaga a 2010.

Abin da ke damun masoyan, in an bi ta gaskiya, mu mutanen Adar mun fi kowa saninsa. Ɗan gida ne ya tafi ci-rani ya shekara goma. Kullum ana addu'ar Allah ya maido shi, uwa na ajiye masa ɗaki, abokai na ba da labarin barkwancinsa har labarin ya fi shi daɗi. Ran da mota ta sauke shi a tashar Tawa aka ɗauko shi zuwa gida, kwana biyu ana murna, a na uku aka fara: ya yi ƙiba, Hausarsa ta gauraye, dariyarsa ba irin ta da ba ce. Shi kuwa bawan Allah shi ne dai. Masu jiran ne suka shekara goma suna gyara shi a zuci, kuma su ma ba su ne na ranar da ya tafi ba. Wanda ya fara kallon Futurama yana ɗan lakwal, yau yana biyan kuɗin lakwal na ƴaƴansa. Ba shirin kaɗai yake so a maido masa ba, har da shekarunsa, wannan kuwa Hulu ba ta sayar da shi.

Masu cewa a bar matacce ya huta, bari in gaya muku dalilinsu, don ba na banza ba ne. A kashin ƙarshe na 2013 lokaci ya tsaya cak, duniya duk ta daskare, Fry da Leela kaɗai ke motsi. Suka ɗaura aurensu, suka zaga duniya a ƙasa su biyu, suka tsufa tare. Can Farfesa ya ɓullo ya ce zai iya mayar da kowa baya, amma ba za su tuna komai ba. Tsoho ya dubi tsohuwarsa ya tambaye ta ko za su sake zagayowa, ta ce ta yarda. Aka rufe. To wanda aka sallama da irin wannan, in ka ce masa ga ci gaba, dole ya harare ka.

Kuma an taɓa cizonsu. Akwai wani kashi na 2002 da har yau masoya ke gargaɗin junansu kafin su kalla. Fry ya gano ƙasusuwan karensa, Seymour, sun zama dutse. Farfesa ya ce zai iya dawo da shi. Ana shirin kunna na'ura sai aka ga karen ya kai shekara 15 kafin ya mutu, ke nan ya yi shekara 12 bayan ɓacewar ubangidansa. Fry ya ce a bari, ai ya daɗe da mantawa da ni, ya yi rayuwarsa. Sai aka nuna mana abin da shi Fry bai gani ba: karen na zaune a ƙofar shagon da suka rabu, rana ta yi, ruwa ya sauka, ƙanƙara ta rufe titi, mai shagon ya tsufa, karen na nan yana kallon hanya, har ya kwantar da kai ya rufe ido. Na san me za ku ce. Kare fa! E, kare. Ku tambayi makiyayan Azawak da ke arewa da mu abin da kare yake a wurin mai shi. Na ga ƙato mai gemu ya kalli wannan kashi ya ce hayaƙin gawayi ne ya shiga masa ido, alhali wutar ta daɗe da mutuwa. To da aka dawo da shirin a 2007, sai marubutan suka ƙulla wata tafiya cikin lokaci wadda ta nuna ashe karen bai zauna shi kaɗai ba, wani Fry ɗin ya koma ya zauna da shi. Wasu suka ji sanyi. Wasu suka ce an cuce su, a biya su hawayensu.

Saura masu cewa aikin marasa ilimi ne. Cohen ya karanta kimiyyar fiziks a Harvard. Wani marubucin shirin, Ken Keeler, digirin digirgir gare shi a fannin lissafi. A wani kashi na 2010 sun ƙago na'urar da ke musanya hankalin mutum biyu, kowa ya koma jikin ɗan'uwansa, amma mutum biyun da suka yi musanya sau ɗaya ba su iya sakewa a tsakaninsu. Gida ya rikice, kowa na cikin jikin wani. Yaya za a mayar da kowa mazauninsa? Keeler ya zauna ya fitar da ƙa'idar lissafi ta gaske, ya tabbatar cewa komai yawan mutanen da komai cakuɗewarsu, in aka samo sababbin mutum biyu da ba su taɓa shiga na'urar ba, sun isa a warware kowa. Aka rubuta hujjar a allo cikin shirin. Malam mai cewa na yara ne, ga alli, bismilla.

Yanzu mu zo ƙofar gidanku. A Futurama akwai wani kwaɗo mai rikitattun idanu, Hypnotoad, wanda ke da shirinsa na tele a cikin shirin. Ba ya yin komai, zuru kawai yake yi yana wani gurnani, duk duniya kuma ta kasa ɗauke ido. Masoya na ji da shi ƙwarai. Ni kuwa duk lokacin da na gan shi sai in ce, yaro, kwaɗin Nijar sun riga ka shiga sinima da shekara fiye da 30.

Wanda ya zana su shi ne Moustapha Alassane, haka ake rubuta sunansa a takardu. An haife shi a 1942, ya fara da kanikanci, tun yana yaro yake haɗa kwali da fitila yana nuna wa mutane inuwar zanensa. Ya yi aiki da mai fim Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi. A 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, labarin fadar wani sarkin kwaɗi, wanda ya samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A 1966 ɗin ya fitar da Bon Voyage Sim, fim ɗin minti biyar, baƙi da fari, zanen hannu: Sim, shugaban jamhuriyar kwaɗi, an gayyace shi ziyarar aiki wata ƙasa, ga jirgi, ga tarba, ga fareti, ga kumbura wuya irin na manya. Shekara 6 kacal da samun ƴancin kai, wani ɗan Nijar ya dubi shugabannin Afirka da jerin gwanonsu ya zana su kwaɗi. A shekarar ce kuma aka kifar da Kwame Nkrumah yana kan hanyar ziyara a Asiya. Duniya juyi-juyi, wai kwaɗo ya faɗa ruwan zafi. Lokacin Matt Groening yana ɗan shekara 12.

Bai tsaya nan ba. Le Retour d'un aventurier, shi ma na 1966, da mutane aka yi shi: wani ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. A ciki Zalika Souley ta fito. Ku gaya mini wane gari ne a Adar bai taɓa ganin irin wannan dawowa ba, ko da babu doki. Ya yi FVVA a 1972, kan mace da gida da mota da kuɗi, abubuwa huɗun da har gobe su ne mafarkin ɗan birni. Ya yi Toula kan fari. Ya yi Samba le Grand a 1977 da ƴan tsana masu motsi. Ya yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawa a fili, kwaɗo na shiga hawainiya na fita, da makaɗa da ƴan kallo, kamar dai yadda kuke cika filin kokawa na Tawa, garin da aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975. Wanda bai san aikin ba ya ɗauka wasa ne: ɗan tsana za ka motsa kaɗan, ka ɗauki hoto, ka ƙara motsawa, ka ƙara ɗauka, sai ka tara hotuna masu yawa kafin ka samu daƙiƙa ɗaya ta motsi. Kafin kwaɗo ɗaya ya kai abokin karawarsa ƙasa, mai fim ya yi kwanaki a duƙe.

Kuma a ina wannan mutum ya zauna shekarunsa na baya? A Tawa. Nan ƙofar hancinmu, inda muke zuwa cin kasuwa. Yana da otel a garin, ya mayar da wasu ɗakunan wurin aikinsa, da ƴan tsanansa da kayan ɗaukarsa, da girma ya zo kuma ya koyi yin zane da kwamfuta. A 2001 ya sake waiwayar tsohon kwaɗonsa da Adieu Sim, shekara 35 bayan na farko. Ke nan mu ma an taɓa dawo mana da tauraron katun, tun Futurama bai yi mutuwarsa ta farko ba. To ina rigimar da kuka yi? Wa ya ce Sim na da ya fi na yanzu? Wa ya yi rantsuwa ya daina kallo sannan ya dawo? A 2007 Faransa ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur a bikin finafinai na Cannes. Ya rasu a Wagadugu ran 17 ga Maris 2015. A 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York, garin su Fry, ya shirya nunin finafinansa, Turawa suka sayi tikiti suka zauna kallon kwaɗinmu. A cikinku masu taɓe baki, wanda ya taɓa ganin ko ɗaya ya ɗaga hannu. Alhaji, sauke, ƙuda kake kora.

Shi ya sa ba na yi wa masoyan Futurama dariya, ko da suna faɗa kan muryar gwangwani. Mitarsu ce ta tono shirin sau biyu. Kamfani ba ya dawo da abu don tausayi. Ya ga mutanen da ke sayen faifai, suna kwana kallon maimaici, suna zagi in an taɓa musu Bender, ya san akwai kasuwa. Da masu yabo da masu kushe duk sun kalla, kuma na'urar ƙirga ƴan kallo ba ta tambayar wa ya ji daɗi. Kafin shekarar 2023 ta ƙare Hulu ta ƙara ba da kwangilar wasu kashi 20, aka ci gaba a 2024 da 2025, masu cewa sun daina kallo kuma suna nan suna bayyana dalla-dalla abin da bai yi musu ba a kowane sabon kashi. Mu kuwa namu gwanin mun yi masa ladabi irin wanda ake yi wa baƙo: ba mu zage shi ba, ba mu yabe shi ba, ba mu nema ba.

Wani zai ce to ai na Alasan kwaɗi ne, ba kumbo ba, Bahaushe bai san zancen taurari da na'urori ba. Wa ya gaya maka? Tun 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi yawon sararin sama da baƙo daga wata duniya, a shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata. Iyayen wasunku sun karanta shi a makaranta. A 2024 kamfanin Kugali tare da Disney suka fitar da Iwájú, kashi 6, Legas ta nan gaba da motoci masu tashi. Su sun zana Legas ɗinsu. Tawa ta shekara ta 3000 fa? Ni ina ganinta: kumbo ya taso daga Abijan cike da ƴan ci-rani da katifu ɗaure a samansa, mutum-mutumi na sayar da albasar Galmi yana rantsuwa faɗuwa ya yi, an kai takobin kokawa duniyar Mars amma har yanzu ana gardama alƙali ya yi son kai, hanyar Affala kuwa an ce baɗi za a gyara. Yaran da ke iya zana wannan suna nan, su ne kuke ƙwace wa littafi kuna cewa sun ɓata takarda da zane.

Abin da nake roƙo bai da tsada. In kun shiga Tawa ranar kasuwa, ku tsaya wurin yaron da ke tura finafinai a waya, wanda kwamfutarsa ke cike da fassarar Indiya da Labarina da kokawar bara. Ku ce ya tura muku Sim. Zai ɗaga kai ya ce, "Baba, sim na wane layi?" Ku ce a'a, shugaban kwaɗi. Zai ce babu. Mako mai zuwa ku koma, ku tura ƙaninku, ku tura Hajiya, ku yi masa mita irin wadda kuka iya, wadda kuke yi wa mai shayi in sukari ya yi kaɗan. Ɗan kasuwa ne, in ya gaji zai nemo. In kun kalla kuma kada ku yi shiru don kunya, ku ce ya yi gajere, ku ce zanen ya yi kaushi, ku rabu gida biyu, wani ya rantse Gandji ya fi Sim, a yi ta yi har wani yaro ya fusata ya ce shi zai zana wanda ya fi.

Ran da aka tashi dawo da Sim kuwa, kada a wahalar da kai neman mai murya, balle a yi rikicin kuɗi irin na DiMaggio. Ina da kawu a nan Affala wanda in ya karɓi lasifika wurin ɗaurin aure sai an kashe janareto yake ajiyewa. Kyauta zai yi, har ya kawo goro.